Kiri-kiri a Kan Kanwa

Gonar da Baba ya bar mini a Kwalkwalawa
ta riga ni yin furfura.
Fari fat, daga bakin kwari har gindin giginya,
kamar an zubar da garin rogo an gudu.
Na dangwala da yatsa na kai baki:
kanwa ce, da ɗan gishiri a ƙarshen harshe.

Shekara uku ina ba ta ruwan inji,
ruwan ya tafi, ya bar mini ɗacinsa a sama.
Albasa ta fito kamar allura, ta ƙone a tsaye.
Tattasai ko sallama bai yi ba.
Da damina Rima ta zo ta gatsi gefen gabas,
ta tafi da taku huɗu, ba ta ce mini komai ba.

Kakale mai jakai ne ya tsaya rannan,
ya ɗora haɓa bisa sanda, ya daɗe yana kallo.
"Arzika, ƙasag ga tsirara take.
Ba taki ta ka so ba, tuhwa ta ka so."
Na ce, wace tufa?
Ya nuna da ƙafa inda jakinsa ya kafa kai:
kiri-kiri.

Na yi dariya har na ji kunyar tsohon.
Ciyawar da Baba ya ƙarar da ƙarfinsa a kanta,
ya tuge ta da safe, ta riga shi dawowa da marece,
wadda ta cinye masa kalme biyu,
ta bar masa ciwon baya,
ita zan ɗauko in yi wa shimfiɗa?

Na dai je.
Na yanko ta da saiwarta a bakin mashaya,
inda fitsarin shanu ya kori kowa sai ita.
Buhu biyu a bayan keke.
Na dasa gaɓa-gaɓa, tazarar tafin hannu,
ina dannewa da diddige,
Hajo 'yata tana biye da ni da tulu,
tana zuba wa kowace kamar mai ba jinjiri.
Masu wucewa Dundaye suna rage tafiya:
"Ku gane mani, haki shi ka shibkawa!"

Kwana ashirin babu labari.
Rabi ta bushe, ta koma tsinken tsintsiya.
Na daina bi ta wajen da rana.

Sai wata asuba na ga guda ta miƙa hannu.
Ba sama ta nufa ba, ita ba ruwanta da tsawo,
rarrafe take, ciki a ƙasa,
duk inda gwiwarta ta taɓa sai ta kafa ƙusa,
ta huta, ta ƙara gaba.
Wannan ta kamo waccan.
Haka suka yi ta ɗinke farin
kamar masu saƙar tabarma da ba sa hira.

Bana da ruwa ya cika, na tsaya bisa tudu ina jira.
Rima ta zo, ta lasa, ta ja,
ta sami gefen a ɗaure,
ta koma da jan ruwanta da ɗan abin da ta samu.

Ban ce kanwa ta tafi ba.
In ka tona kamu ɗaya tana nan tana sauraro.
Albasa ma ban yi gigin mayarwa ba tukuna.
Amma tumakin Kakale sun san hanya yanzu,
suna biyan kuɗin kiwo da abin da suke bari.

Jiya Hajo ta kira ni da ƙarfi,
na sheƙo, na zaci maciji ne.
Ta buɗe tafi: tana ce, ja, siririya,
tana motsi cikin baƙar ƙasa mai danshi.

Baba, ka yi haƙuri.
Abokiyar faɗanka ce ke riƙe da gonarka.
Na rataye kalmenka a zaure,
ban faɗa masa ba.